Haɗa Manhaja Zango-Zango: Dalilan Yaɗuwar Tsarin Agile da Sakamakonsa

A da, ƙa'idar haɗa manhaja ita ce a rubuta duk abin da mai aiki yake so tun farko, a zana fasali, a yi gini, sai can ƙarshe a gwada. Kafin a kai wannan ƙarshen an ci shekara biyu ko uku, buƙata ta sauya, kuskuren farko kuma ya riga ya yi saiwa. Wannan ne ya sa a watan Fabrairun 2001 ƙwararru 17 suka haɗu a Snowbird, cikin jihar Utah ta Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwar da ta zama tushen tsarin Agile. Sun fifita manhajar da ke aiki a kan tulin takardu, sun kuma fifita karɓar sauyi a kan nacewa ga tsohon shiri.

Abubuwa biyu suka yaɗa tsarin. Na farko, intanet ta sauƙaƙa isar da gyara. Ba sai an jira buga sabon faifai ba. Na biyu, an samu hanyoyi masu sauƙin koyo. Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, yana yanka aiki zuwa zanguna da ba sa wuce wata ɗaya, tare da ganawar minti 15 kullum. Kanban kuwa, wanda ya samo asali daga masana'antar Toyota ta Japan, yana taƙaita yawan ayyukan da ake riƙe da su a lokaci guda.

Abin da ya faru a FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, ya nuna amfanin. A 2005 ta yi watsi da wata manhajar adana bayanan bincike bayan ta kashe kusan dala miliyan 170. Magajiyarta, Sentinel, ita ma ta yi ta jan ƙafa, har a 2010 hukumar ta karɓi ragamar aikin, ta rage ma'aikata, ta koma zangunan mako biyu. A 2012 manhajar ta fara aiki. Sirrin shi ne ganin kuskure da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai yaɗuwar ta zo da illa. Kamfanoni da yawa sun ɗauki tarukan, sun bar manufar. Ganawar safe da aka ƙirƙira don abokan aiki su taimaki juna ta koma wurin da shugaba ke titsiye kowa. Ƙiyasin wahalar aiki ya zama ma'aunin ƙwazo, ma'aikata suka koyi kumbura lissafi. Gaggawar nuna sabon abu a kowane zango kan sa a jingine gyaran tushe, har manhajar ta gagari taɓawa. Wasu ma sun ɗauka cewa Agile ya soke shiri gaba ɗaya, alhali shiri yake so a riƙa sabuntawa.

A ganina, tsarin yana biyan buƙata ne idan an cika sharuɗɗa uku: mai amfani da manhajar ya riƙa ganinta a kai a kai, ma'aikata su sami ikon yanke shawara, kasafin kuɗi kuma ya bar ƙofar sauyi. Shugaban da bai shirya sakin wannan iko ba, ya sani tarukan kaɗai ba za su gyara masa aiki ba.