Shin Ko Kun San? 'Yan Ayalan da Ɗamarar Soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Shin ko kun san 'yan Ayalan fiye da 200,000 ne suka yi wa Birtaniya aikin soja tsakanin 1914 da 1918? Ku riƙe wannan: ba a taɓa ɗibar soja ta tilas a tsibirin ba! Da gwamnatin Birtaniya ta yi yunƙurin haka a 1918, yajin aikin gama-gari aka tare ta da shi ranar 23 ga Afrilu.

Kun san manyan rundunoni uku aka kafa musu? Ta 10, da ta 16, da ta 36 ta yankin Ulster. Ta Ulster ɗin nan ta yi asarar mutum kusan 5,500, matattu da raunanannu da ɓatattu, cikin kwana biyu kacal a fagen daga na Somme a 1916!

To, ina masu neman aninin hafsa? Stephen Gwynn, ɗan majalisa guda, da shekara 50 a duniya ya shiga a matsayin kurtu a 1915. Kafin shekarar ta ƙare ya zama kyaftin!

Willie Redmond ma ɗan majalisa ne. Ya ɗaura ɗamara yana da shekara 53, ya kai manjo, aka kashe shi a Messines a 1917 yana da 56. Ku duba fa!

Ga kuma Michael O'Leary. Las kofur ne kawai lokacin da ya afka wa shingen Jamusawa a Fabrairun 1915, ya kashe 8, ya kama 2. Ya sami lambar Victoria Cross, aka buga hotonsa a takardun kiran samari shiga soja, sannan aka ba shi muƙamin hafsa!

Kun ji labarin John Kipling? Ba ɗan Ayalan ba ne, kuma an ƙi ɗaukarsa saboda raunin gani. Mahaifinsa, marubuci Rudyard Kipling, ya kama ƙafa da babban hafsan soja Lord Roberts, aka sa shi hafsa a rundunar Irish Guards. Ya mutu a Loos yana da shekara 18.

Har 'yan ƙwallon zari-ruga na Dublin sun taru a filin Lansdowne Road, suka shiga soja rukuni guda, aka kai su Gallipoli a Agustan 1915.

Kamfanin giya na Guinness kuwa? Ma'aikatansa fiye da 800 suka tafi, yana biyan iyalansu rabin albashi!

A lambun tunawa na Islandbridge da ke Dublin, adadin mamatan da ake girmamawa 49,400 ne. Ku ba na kusa da ku labari!