Furen da ke maƙale a tsagar dutse

Mai tsayawa a bakin titin Abuja zuwa Kaduna a Gauraka, ya ɗaga kai ya hango Dutsen Zuma, zai ɗauka ƙurmusasshen dutse ne da ko ciyawa ba ta tsiro a kai. Masana tsirrai kuwa sun san cewa a tsagar irin waɗannan duwatsu ne ake samun tsirran da babu su a ko'ina.

Wani misali yana Jabal Ɗariƙ, dutsen da ke bakin tekun kudancin Sifen, wanda ya samo sunansa daga Ɗariƙ bin Ziyad da ya ƙetara can a shekarar 711. A jikinsa akwai wani fure da masana ke kira Silene tomentosa. Gindinsa mai itace ne, ba ya mutuwa bayan shekara guda, tsayinsa bai wuce kamu ɗaya ba, furensa ja-ja ne mai haske. A duk duniya nan kaɗai yake tsirowa da kansa. Zuwa 1992 an yanke ƙauna, an ce ya ƙare. Sai a 1994 aka sake cin karo da shi a saman dutsen, aka ɗebi irinsa aka raina a lambun gwamnati, aka kuma adana wani a rumbun iri na Kew a Ingila.

Danginsa na nan ƙasar Hausa. Magudiya, ciyawar nan mai busasshen farin fure da masu magani ke sayarwa, gidansu ɗaya, sai dai ita shekara guda take yi, kuma tana da yawa.

Rayuwa a kan dutse akwai wuya. Ƙasar ba ta fi 'yar ƙura da ruɓaɓɓen ganye da suka taru a tsaga ba, ruwan damina na zuba yana gangarewa, ranar bazara kuma ta gasa komai. Tsiron da ya saba da wannan ba ya iya gogayya da ciyayin fili, don haka in wurinsa ya lalace ba shi da mafaka. Abin da ke lalata shi kuwa a gabanmu yake: wutar daji da rani, injin fasa dutse, da gidajen da ke ta hawa gindin tsaunuka tun da Abuja ta tumbatso zuwa Gauraka da Madalla.

Ya kamata ɗaliban ilimin tsirrai na jami'o'in Minna da Abuja su bi duwatsun Suleja da damina, tare da mafarauta da masu maganin gargajiya da suka san kowace tsaga, su rubuta abin da ke wurin, su kuma adana irinsa kafin a ba wani kamfani lasisin fasa dutsen.