Hasumiyar Cordouan Ba Ta Gama Aiki Ba

A inda kogin Gironde ke zuba cikin tekun Atlantika, a kudu maso yammacin Faransa, akwai wata hasumiya tsaye a kan falalen dutse, kimanin kilomita 7 daga gaɓa. Magini Louis de Foix ya fara gina ta a 1584, aka kunna wutarta a 1611, sannan a ƙarshen ƙarni na 18 aka ƙara mata tsawo har ta haura mita 67. A 2021 UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya. Masu ziyara kan isa wurin da jirgin ruwa idan ruwa ya janye, su hau matakala fiye da 300, su sha kallon ɗakin ibada da ɗakin sarki da ke cikinta. Sai dai a ganina, mai ɗaukar Cordouan a matsayin tsohon gini kawai ya tauye ta, domin har gobe tana yi wa matuƙa magana kowane dare.

Maganar kuwa da haske take yin ta. A nan ne aka fara kafa gilashin da Augustin Fresnel ya ƙirƙiro, a 1823, wato zobba-zobba na gilashi da ke tattara hasken da da zai watse, su cilla shi nesa a kan teku. Haske kaɗai bai isa ba, don matuƙi na bukatar sanin wace hasumiya ce yake hange. Shi ya sa kowacce ke da nata tsarin kunnuwa da ɗaukewa cikin daƙiƙoƙi ƙididdigaggu, rubuce a taswirar teku, kamar yadda ake gane basarake daga takensa. Cordouan na nuna fari da ja da kore gwargwadon kusurwar da jirgi ya fuskanto ta, launin da matuƙi ya gani shi ke gaya masa a wane sashe na mashigar yake.

Wani zai ce GPS ta kawo ƙarshen wannan duka, kuma kula da gini a tsakiyar ruwan gishiri na cin kuɗi. Gaskiya ne, fitila ba ta huda hazo, tauraron ɗan'adam kuwa hazo bai dame shi ba. Amma saƙon da ke saukowa daga tauraro rarrauna ne, ana iya toshe shi ko a yi masa na jabu, kuma a shekarun nan jirage a tekun Baltik da Bahar Aswad sun sha ganin na'urorinsu na nuna su a inda ba su. Matuƙin da ya ƙirga daƙiƙoƙin fitila da idonsa yana da shaida ta biyu wadda ba ta ratsa ta na'urar da aka ruɗe ba. Batun kuɗi ma ya ragu, tunda tun 2006 fitilar Cordouan ke kunna kanta, masu gadin da ke kwana can aikinsu gyara ne da tarbar baƙi.