Kwana 75 a Kaduna, kwana 76 a Wuhan: me ya bambanta kullen korona?

Yau za mu koma 2020 ne, shekarar kulle. 'Yan Kakuri, Barnawa, Television da Sabon Tasha, na san ba ku manta ba.

Ranar 26 ga Maris 2020 gwamnatin Kaduna ta sa dokar zaman gida ba dare ba rana. Bayan kwana biyu Gwamna Nasir El-Rufai ya sanar cewa shi ma ya kamu, mataimakiyarsa Dakta Hadiza Balarabe ta ci gaba da jan ragamar aikin. Aka rufe kasuwanni, masallatai da coci-coci, aka ware wasu ranaku na fita sayen abinci. Sai a watan Yuni aka sassauta, bayan kwana 75.

To ga abin mamaki. Birnin Wuhan na China, inda cutar ta fara ɓulla, kwana 76 ya yi a kulle, daga 23 ga Janairu zuwa 8 ga Afrilu. Kusan tsawon ɗaya ne da namu. Amma a can, cikin kamar kwana goma aka gina sabon asibiti, ana bi gida-gida ana neman masu zazzaɓi, kwamitocin unguwa na kai wa mutane abinci har ƙofa. Tsarin na da tsauri ƙwarai, har sai da jama'a suka yi zanga-zanga kafin a janye shi a Disamba 2022.

Koriya ta Kudu kuwa ba ta kulle ƙasa gaba ɗaya ba. Cutar MERS ta ba su wahala a 2015, sai suka shirya tun kafin wata ta zo. Gwaji suka sa a gaba, kana cikin motarka ma za a gwada ka. Wanda ya kamu a killace shi, a bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da shi, sauran jama'a su ci gaba da harkokinsu.

A Turai hanya biyu aka bi. Birtaniya ta kulle, amma gwamnati ta riƙa biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aikinsu ya tsaya. Sweden ta ƙi kullewa, makarantun firamare na buɗe, shawara kawai ake ba mutane. A 2020 ta yi asarar rayuka fiye da maƙwabtanta Norway da Finland, musamman a gidajen kula da tsofaffi.

Mu dawo kusa da gida. Ghana ta kulle Accra da Kumasi, bayan mako uku ta buɗe. Mafi yawan mutanen can irin namu ne, sai an fita ake samun na tuwo.

Kun ga inda maganar ta dosa? Kulle ba ya kashe cuta. Lokaci kawai yake saya wa gwamnati, don ta yi gwaji, ta ƙara gadajen asibiti, ta gano masu ɗauke da cutar. Kuma wani ne ke biyan kuɗin wannan lokacin. A Birtaniya baitulmali ya biya. A nan, ɗan acaɓa ne ya biya, da mai shayi, da matar da ke soya ƙosai a bakin titi. Ga gidan haya, iyali goma na amfani da banɗaki ɗaya da famfo ɗaya, ka ce su ba da tazara? Ta yaya?

An raba tallafin abinci, amma ƙorafin bai kai ga kowa ba ya yi yawa. A ƙarshen Oktoba 2020 aka fasa rumbunan ajiya a yankin Barnawa da Kakuri, har aka sake sa dokar hana fita. Fasa rumbu laifi ne, ba musu. Sai dai ya nuna yadda yarda ta lalace tsakanin hukuma da jama'a.

Kuma kada wani ya ce mana ba mu iya ba. A 2014 Ebola ta shigo Legas, Dakta Stella Adadevoh ta hana mai cutar barin asibiti, ita ma ta rasa ranta. Ma'aikatan lafiya suka yi ta bin sawun mutane ɗaya bayan ɗaya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba WHO ta ce an gama da ita. Ba a kulle gari ko ɗaya ba. Gaskiya Ebola ta fi sauƙin ganowa, don sai alamu sun bayyana take yaɗuwa, korona kuwa mai ita na yawo bai ma sani ba. Duk da haka aikin ɗaya ne: gwaji da bin sawu.

Saboda haka, in wata annoba ta zo, Allah ya kiyaye, kafin mu yi gardamar a kulle ko kada a kulle, mu tambayi shugabanni abu uku. Ina wurin gwaji mafi kusa da unguwarmu? Wa ke da sunayen mabuƙata tun yanzu? In an rufe kasuwar Kakuri, me za a ci a gida?

Mu haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.