Tuwon Sallah a Mairuwa: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A garin Mairuwa na Ƙaramar Hukumar Faskari, ranar Babbar Sallah gida ɗaya yakan tara 'ya'ya da jikoki da surukai daga Funtuwa da Ƙanƙara da Sabuwa. Abin murna ne, amma galibi nauyin a kan uwargida yake sauka, har ta yini a madafa ba ta gana da baƙinta ba.

Gidajen da suka san kan hidimar tun ganin watan Zulhajji suke farawa. A yi surfe, a kai niƙa, a tanadi itace a inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba, a cika randuna. Ran jajibere uwargida ta raba aiki: wata tuƙin tuwon shinkafa, wata miyar taushe, wata waina, yara kuma kai kwanuka maƙwabta. Fiɗa da gyaran kayan ciki aikin maza ne. Suyar nama kuwa sai washegari, don kada ta haɗu da girkin rana.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi hana maigida barci. A 2025 Sallah ta faɗo ranar 6 ga Yuni, daidai lokacin da manomi yake neman kuɗin taki. Layya a kan mai hali take, saboda haka kowane ɗa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kada Sallah ta wuce ta bar gida da bashi.