Batir Ya Mutu, Gubarsa Na Nan: Jan Kunne Ga Mutanen Tambuwal Da Kebbe

A garuruwa da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato, da wuya a shiga gida ba a tarar da abin da ke aiki da batir ba. Manomi na sauraron rediyo, ɗalibi na karatun dare da tocila, ma'aikaci kuma na cajin wayarsa da batirin sola. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka idan batir ya mutu, ya zama shara kamar kowace shara. Ba haka abin yake ba.

Batirin mota, da na sola mai kama da shi, dalma da asid ne a cikinsu. Mutanen wannan yanki sun san illar dalma, domin a shekarar 2010 gubarta, wadda ta fito daga duwatsun zinariya, ta halaka yara kusan 400 a Jihar Zamfara makwabciya. A Thiaroye kuwa, kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, batir ne da kansa ya yi ɓarnar: yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008, a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana ciro dalma. Saboda haka kada a fasa batir a tsakar gida; a mayar wa dillali ba tare da an zubar da ruwansa ba.

Ƙananan batura ma suna da ƙa'ida. In za a sauya na rediyo, a sauya su gaba ɗaya, domin haɗa sabo da tsoho yakan sa tsohon ya yi yoyo. In kuwa ya yi, a wanke hannu da sabulu. Batirin waya da ya kumbura, a daina cajinsa, kada a huda shi ko a jefa shi wuta.

Mafi haɗari ga yara shi ne ɗan batirin nan mai kama da kwabo. In ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona shi cikin awa 2. Yaron da ya haɗiye shi a garzaya da shi asibiti, kada a sa shi amai.

Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya su ya fi dacewa su isar da wannan bayani ga iyaye, musamman ranakun kasuwa.