Gyaran Matoshin Jirgin Alminiyam Idan Yana Yoyo

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu, tun da aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a kan Gulbin Gada a 1989, aikin ruwa ya shigo cikin aikin gona a wannan yanki na bakin iyaka. Gulbin nan ba ya gudu sai 'yan watannin damina, sa'an nan ya ƙetare zuwa Nijar inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, amma madatsar tana iya riƙe ruwa wajen kubik mita miliyan 142. Saboda haka mai noman rani yakan zama masunci kuma. Yawancin jiragen na katako ne, amma akwai ƙananan jirage na alminiyam, watau sanholo, marasa nauyi, waɗanda gara ba ta cin su. Ƙungiyar da ta haɗa kuɗi ta sayi irin wannan ta yi dabara. Sai dai yana da wani wuri guda da yakan ba da wahala.

A bayan jirgin, can ƙasa, akwai 'yar kafa mai faɗin inci ɗaya ko kusa da haka, da aka yi domin zubar da ruwa idan an fid da jirgi tudu. Cikin kafar akwai guntun bututu, a cikin bututun kuma ake sa matoshi na roba mai hannu. In an murɗa hannun, ko an kwantar da shi, robar takan kumbura ta kama bututun. Wannan ɗan abu shi ne tsakanin mutum da zurfin ruwa.

Kada ku fara gyara sai kun san inda ruwan yake bi. Ku ɗora jirgi a kan itatuwa a busasshen wuri, bayansa ya ɗan yi ƙasa. Ku sa matoshi, ku zuba ruwa a ciki har ya rufe kafar da kamar yatsa uku. Kada a cika jirgin, gama jarka ɗaya mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ruwa mai yawa kuwa zai lanƙwasa gindin jirgi. Sai mutum ɗaya ya tsuguna a waje ya duba, yana riƙe da gawayi domin sa alama. In ɗigon yana fitowa ta tsakiyar bututu, laifin matoshi ne. In kuwa ta gefen bututu yake tsattsafowa, ko ta kan ƙusoshin da suke kusa, to, ko an sayi sabon matoshi goma ba za a rabu da yoyo ba.

Laifin matoshi shi ne mai sauƙi. Sau da yawa yashi ne kawai ya shiga tsakani. A wanke bututun, a goge da tsumma, a ƙara murɗa hannun sau ɗaya ko biyu, a sake gwadawa. Zafin bazara da bushewar hunturu sukan sa roba ta taurare ta tsattsage. Wadda ta kai haka a sake ta. Mai zuwa Katsina, ko mai bi ta Magama da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ya tafi da tsohon a aljihu domin a gwada girma, ya sayo biyu. Kada a shafa wa roba baƙin mai ko giris wai don ta shige da sauƙi. Man fetur da danginsa suna lalata irin wannan roba. A tsoma ta a ruwa, ya isa.

Inda ya kamata a natsu shi ne in bututun ne ya saki. A zubar da ruwan, a bar wurin ya bushe sarai. A kankare kewayen ciki da waje da sanfefa har ƙarfen ya yi haske, a goge ƙura da tsumma mai tsabta, nan take a kwaɓa gam mai kashi biyu, irin su Araldite, a cika tsagar da shi ta fuska biyu. Na ce nan take domin alminiyam yakan yi wata fata marar ganuwa da zarar iska ta taɓa shi, gam kuwa ya fi kama sabon wuri. A bar shi kwana ɗaya cur, ko da kifi yana tsalle a gabanku. Ƙusar da ta yi sako-sako kuma, mutum ɗaya ya tokare kanta da babbar guduma ta ciki, ɗayan ya bubbuga ta waje a hankali har ta kama.

Akwai abubuwan da nake so shugabannin ƙungiya su hana. Kada a sa bututu ko noti na tagulla ko na baƙin ƙarfe a jikin jirgin. In ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin ruwa, alminiyam ne yake cinyewa, ya zama farin gari, kafar ta yi ta faɗi. A nemi na alminiyam ko na roba mai tauri. Kada kuma a wanke wurin da sodar da mata suke yin sabulu da ita, gama tana narkar da shi. Mai waldar ƙofa da taga ma a yi hattara da shi. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, ba ya kuwa yin ja kafin ya narke, sai dai a ga rami ya buɗe. In lalle walda ake bukata, a kai wa mai injin iskar argon.

In matoshi ya ɓace kuna kan ruwa, a feƙe itace mai laushi, a naɗe shi da guntun tub na keke ko tsumma, a cusa ta ciki, a nufi gaɓa. Wannan na komawa gida ne kaɗai. Gwangwanin kwarfe ruwa kada ya rabu da jirgi.

Ambaliyar da ta ci Jibiya a watan Yuli 2018 ta hallaka mutum fiye da 40, kuma a irin wannan rana jirgin da yake kusa shi ake nema. Domin haka a ɗaure matoshi da igiya a jikin jirgi, a cire shi duk sa'ad da jirgi yake tudu domin ruwan sama ya wuce, a kuma naɗa mutum ɗaya a taron ƙungiya wanda zai taɓa shi da hannunsa kafin kowa ya shiga. A sake gwajin ruwan nan kowace shekara kafin ruwan farko.